Durƙusa wa wada: ladabi ne ko dabara?

Ƙanwar Kowa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni malamar firamare ce, shekara 6 ina koyarwa da takardar shaidar malanta ta NCE, bana kuma Allah ya ba ni gurbin yin digiri. Dole sai na rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumarmu takardar neman izinin ƙaro karatu. Na rubuta layi biyar na kai wa kawuna ya duba. Ya karanta ya ce ta yi tsaye da yawa, kamar ta mai bin bashi. Na ce ai haƙƙina nake nema. Sai ya ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Na koma na rubuta ta biyu, ta cika shafi biyu da gaisuwa da addu'a da "ka dubi Allah ka taimaki baiwar Allah". Da na karanta, ni kaina sai da kunya ta kama ni. Don Allah me karin maganar nan yake nufi, kuma ya dace da takardar ofis?

Tsohon Akawu:
Wa'alaikumus salam 'yata. Shekara 35 na yi ina jigilar fayil kafin na yi ritaya. Kawunki bai yi ƙarya ba. Na sha ganin takardar mai gaskiya ta kwana a ƙasan tire saboda kalma ɗaya da ta yi wa mai sa hannu zafi. Amma ta biyun nan taki ita ma kwana za ta yi. Mutum ne da fayil jibge a gabansa, idonsa kan takarda yake fara nema, layin nan da ake ja wa ƙasa. In ya karanta sakin layi biyu bai ga abin da ake so ba, sai ya ture ta gefe ya ce a kawo gobe. Goben ofis kuwa kin san ta.

Yaya Bazazzagiya:
Baba Akawu, a gafarce ni, ni tun asali ban yarda karin maganar nan na ladabi ba ne. Ku dube shi da kyau. Wa aka kira wada? Wanda ake durƙusa wa. Wato tun kafin gwiwarka ta taɓa ƙasa ka riga ka yanke a ranka cewa ka fi shi. Wannan ai raini ne aka yafa masa mayafi. Mai ladabin gaske ba ya auna tsawon wanda yake gaisarwa.

Basakkwace:
Yaya Bazazzagiya ta taɓo wurin. Mu yadda munka ji shi ga tsofaffi ma ya fi fito da wanga ma'ana: "Durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka." Kin ga ba wada aka yi wa maganar ba, mai durƙuson aka yi wa. Lallashi nai aka yi, cewa kada ka damu, ba abin da ya ragu gare ka.

Malamin Hausa:
Madalla da wannan gardama, domin ita ce nake fama da ɗalibaina a kanta kowane zango. Abu uku suke cakuɗawa: jigo, da babbar manufa, da taƙaitawa.

Kalmar jigo ma daga lambu aka aro ta. Jigo shi ne itacen nan da masu noman rani suke kafawa a bakin rijiya ko rafi, guga a gefe ɗaya, nauyi a ɗaya gefen, suna ɗebo ruwa da shi. Duk ruwan da ya shiga fangali ta kansa ya bi. To haka jigon magana yake, abin da komai ya rataya a kansa, kuma a kalma ɗaya ko biyu ake faɗinsa: haƙuri, zumunci, gargaɗi. Babbar manufa kuwa jimla ce cikakkiya, abin da mai magana yake cewa game da jigon. Taƙaitawa ita ce ka maimaita abin da aka faɗa a gajarce, ba ka sa naka ba. Waɗanda suka yi nazarin waƙa a kan tsarin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero za su tuna matakan: ƙwayar jigo, jigo a gajarce, sannan warwarar jigo.

Mu gwada a kan karin maganarmu. In ɗalibi ya ce mini jigonsa ladabi ne, zan ba shi rabin maki. A ganina jigon mutunci ne. Manufar kuma: sassauta wa mutum don buƙata ba ya rage maka daraja. Ladabi hanya ce kawai a ciki.

Yaya Bazazzagiya:
Allah gafarta Malam, to ai ka dawo kan maganata. In buƙata ce ta sa aka durƙusa, jigon dabara ne, ba mutunci ba. Ni da zan yi makin, cikakke zan ba wanda ya rubuta dabara.

Malamin Hausa:
Zan karɓa in ya kawo hujja daga cikin kalmomin. Amma ki lura da inda maganar ta dire: "ba gajiyawa ba ne", "da tsawonka". Ba a ce za ka samu abin da ka je nema ba. Da dabara ce zalla, da an yi alkawarin riba. Abin da aka tabbatar maka kawai shi ne ba ka yi asara ba.

Hajiya Mai Lalle:
Ni dai wata fuskar nake kallo. Muna da maƙwabci wada, tela ne, mutumin kirki, duk unguwa ana girmama shi. Ba zan iya faɗin wannan karin magana a gabansa ba. Tsofaffi sun faɗa a zamaninsu, amma a riƙa duba wanda ke zaune kafin a jefa shi.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar ba ma wahalar ƙirƙirar durƙuson, a shirye yake. Takardar neman aiki ko izini da Faransanci ake rubuta ta, sau da yawa ma da hannu ake so, kuma kusan kowa da jimla ɗaya yake buɗewa, mai nufin cewa abin alfahari ne gare ni in nemi alfarma daga babban kirkinka. Mai gadi haka zai rubuta, darakta haka zai rubuta wa minista. Tunda kowa yana faɗa, ba wanda yake jin an ƙasƙanta shi, ba kuma wanda yake jin an fasa masa kai. Layi ɗaya, sai a shiga magana.

Basakkwace:
Wasiƙun sarakunanmu na zamanin daula ma hakanan suke, ko da yake da Larabci anka rubuta mafi yawansu. Bisimilla, daga wane zuwa wane, gaisuwa, sai "amma ba'adu", wato "bayan haka", sai buƙata. Wannan "bayan haka" ita ce tashi daga durƙuso. Ƙanwarmu ta durƙusa shafi biyu ba ta tashi ba.

Tsohon Akawu:
Ha ha, wallahi haka ne. 'Yata, yi abin da Malam ya koyar. Kan takardarki shi ne jigo. Jimlar farko ita ce manufa. Sauran kuma taƙaitaccen bayani: yaushe kika fara aiki, wace jami'a, wane fanni, shekara nawa. Adireshinki da kwanan wata a sama ta dama, nasa ta hagu. Kada ki manta ki rubuta "ta hannun" hedimastanki, ya sa hannu kafin ta wuce, in ba haka ba za a dawo miki da ita. Ki sa lambar fayil ɗinki, ki liƙa kwafin takardar gurbin karatu. "Ranka ya daɗe" sau ɗaya a sama ya wadatar.

Ƙanwar Kowa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga ta uku:

"Ranka ya daɗe,
NEMAN IZININ ƘARO KARATU
Cikin girmamawa, ina buƙatar a ba ni izinin tafiya karatun digiri a fannin ilimi, wanda zan fara a zangon karatu mai zuwa. Na yi shekara 6 ina koyarwa a wannan ƙaramar hukuma. Ga kwafin takardar gurbin karatu a haɗe. Ina fata za a duba wannan buƙata tawa. Na gode.
Taka mai biyayya."

Tsohon Akawu:
Ta yi kyau, sai kalma ɗaya. Cire "ina buƙatar", tana da ƙamshin umarni. Sa "ina roƙon".

Yaya Bazazzagiya:
Haba Baba! Roƙo kuma? Ba sadaka ta je karɓa ba.

Malamin Hausa:
Ku raba gardama, a sa "ina neman". Ai shi ne ma a kan takardar.

Tsohon Akawu:
Na yarda, ko da yake a zamaninmu roƙo muke rubutawa kuma ba wanda ya gajarce. 'Yata, ki faɗi shekarun da karatun zai ɗauka, ban gan su ba. Ki kuma yi kwafi biyu, ranar da kika kai ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan naki, ki adana shi a gida.