Turke, talala da sakakken canji: ina neman shawararku

1/ Jama'a, tun ranar 14 ga Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canjinsa wuri guda ya ce mai saye da mai sayarwa su daidaita a tsakaninsu, muke fama da kalmar Turancin nan, fulotin. Wani ya ce "an karya darajar naira", wani ya ce "naira mai iyo". Duka biyun ba su kwanta mini ba.

2/ Karya daraja hukunci ne na rana ɗaya. Hukuma ce ke riƙe da farashi, sai ta sauke shi da hannunta, kamar yadda aka yi wa sefa a Janairun 1994: an kwana faran Faransa ɗaya yana sefa 50, aka wayi gari yana 100. A fulotin kuwa hukuma tsame hannunta take yi, kuɗin ya faɗi ko ya tashi. Iyo kuma, Bahaushe bai san kuɗi da shiga ruwa ba.

3/ A Wuse Zone 4, matattarar 'yan canji ta Abuja, na tsinci bakin zaren. Ina zaune a benci wajen wani dattijo ɗan canji, waya biyu a hannunsa, yara na ɗaga wa motoci hannu a bakin titi, na ce, "Alhaji, ku me kuke kiran abin nan da aka yi wa naira?" Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Malam, ai sakinta aka yi. Da can a turke take."

4/ Canjin turke ke nan: ƙasa ta ɗaure kuɗinta a jikin wani kuɗi. Alhazai sun san riyal, 3.75 a dala ɗaya tun 1986. Sefar maƙwabtanmu na Nijar tana ɗaure da yuro a kan 655.957. Amma wanda ya ɗaure dabba shi zai kawo mata harawa, harawar nan kuwa ita ce dalar da ke asusun ajiyar ƙasa. Mun gwada. A 2015 zuwa tsakiyar 2016 an kafe naira a wajen 197 a dala ɗaya, farashin ɗanyen mai ya faɗi, dala ta yi ƙaranci, a bakin titi ta haura 300. Mai hanya ya karɓo da araha a banki ya sayar da tsada, ƙaramin ɗan kasuwa yana layi. A Yunin 2016 igiyar ta tsinke.

5/ Fulotin na ce mu kira shi sakakken canji. Na kauce wa "sake" ita kaɗai don kada a ɗauka sakaci ake nufi. Kuma ba kyauta ba ne: dalar da ke wajen 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024, taki da magani da kuɗin makaranta suka bi ta.

6/ Wadda ta fi burge ni ita ce ta tsakiya. Akwai tsarin da ake barin kasuwa ta yanka farashi, amma in abu ya yi ƙamari babban banki ya fito da dala ya sayar, ko ya ƙara kuɗin ruwa, kamar yadda aka kai shi kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024. Wannan ai talala ce! Doguwar igiya, akuya na kiwo, amma ba ta isa gonar mutane. Wani zai ce ɗaurin talala na fursunan siyasa ne. Daga wajen dabba aka aro shi, ma'anar ɗaya ce. A ganina ƙasar da yawancin dalarta daga mai take fitowa canjin talala ya dace da ita, da sharaɗin farashi ya zama ɗaya ga kowa.

7/ Saura guda da ta gagare ni: turken da ake tugewa ana matsar da shi kaɗan-kaɗan bisa jadawalin da aka sanar. Mutanen karar Dei-Dei ta Abuja, in makiyayi yana matsa turke don dabba ta samu sabuwar ciyawa, me kuke ce masa?