Su wa za su kalli katun ɗin, kuma a wayar wa?

Mai zane, daga ƙasar Dambatta:
Assalamu alaikum. Ina shirin haɗa gajeren katun na minti 6 a kan wata tatsuniya ta Gizo da Ƙoƙi, kuma yaran karkara nake so su kalla. Kafin in ɓata watanni ina zane, na ɗauki takarda mai tambayoyi 10 na zaga ƙauyuka uku, amma duk yaron da na tambaya sai ya sunkuyar da kai ya ce eh, ko da na juya tambayar. Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan bincike su faɗa mini yadda suka yi.

Malamin firamare, Ringim:
Wa'alaikumus salam. Malam, yaron da aka hora da kunya ba zai musa wa baƙo mai biro da takarda ba, saboda haka amsarsa ladabi ce kawai. Lokacin da muka gwada wani ɗan katun na wanke hannu, ajiye takardar na yi, na kunna musu shi a waya a gindin darbejiya, na koma gefe ina lura da fuskokinsu. Sun yi dariya inda akuya ta ɗauke sabulu, amma da likita ya fara dogon bayani sai biyu suka koma wasan langa. Washegari na ce kowa ya ba ni labarin abin da ya gani, kuma babu wanda ya ambaci likitan. Tun da Gizo za ka zana, ka saurari yadda kakanninsu suke kwaikwayon tsamin bakinsa, domin da wannan muryar suka san shi.

Mai cajin waya, kasuwar Wudil:
Ranka ya daɗe, ni ban taɓa zane ba, amma ta hannuna fina-finai suke shiga ƙauyuka, musamman ranar Juma'a da kasuwa take ci. Yaro ba shi da waya. Yayansa ne ko mahaifinsa yake kawo memori ya ce a cika masa da na dariya da Indiya mai fassara, sannan a ƙara wa yara wani abu idan wuri ya rage. Fim mai nauyi shi ake fara gogewa, mara nauyi kuwa yakan bi Xender daga waya zuwa waya har garin da ba ka taɓa zuwa ba. Yawancin wayoyin ƙanana ne, saboda haka rubutun da ake sawa a ƙasan hoto ba ya karantuwa, kuma idan kiɗa ya danne magana, mutum biyar da suka kewaye waya ɗaya ba za su ji komai ba.

Malamar Islamiyya, Birnin Kudu:
Ɗan'uwa, ban ga inda ka ambaci iyaye mata ba, alhali a wayarsu yara suke kallo bayan sallar isha'i, kuma su ne masu cewa a kashe. Kai ba za ka shiga gidajen ba, sai ka nemi mace ta shiga maka. Ni na taɓa zagawa da wani katun a unguwarmu, kuma abin da ya dami matan ba shi ne abin da masu fim ɗin suka yi zato ba. Wata dattijuwa ta ce yarinyar da ke ciki ta gaida mahaifinta a tsaye, ita kuwa ba za ta bari jikokinta su koyi wannan ba. Wata kuma ta yi ta dariya saboda an zana mace tana tuƙa tuwo da ludayi maimakon muciya (ni kaina ban lura ba sai da ta nuna). Daga nan hirar ta bar saƙon fim ɗin ta koma kan ludayi.

Malamin firamare, Ringim:
Na manta abu biyu. Ka fara gaida mai unguwa ko dagaci kafin ka tara yaran mutane, sannan kada ka je da damina, domin kowa yana gona. Idan kana son jin ta bakin almajirai, ka je ranar Alhamis da ba a karatun allo.

Mai zane, daga ƙasar Dambatta:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan haɗa minti ɗaya da murya kawai da zane mara launi, in ba ƙanwata ta shiga gidaje da shi, ni kuma in kai wa masu caji a kasuwar Dambatta in ga ko wani zai ce a tura masa.