A situdiyo zuma, a waya gwangwani: wa abin ya taɓa samu?

Mai Fiyano Dilimi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kunya na sha makon jiya, na ce bari in kawo nan kowa ya amayar da nasa. Wani ango na haɗa wa waƙar biki, kwana uku ina kanta. A ɗakina in bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ya sauko sai ka ce ƙasa za ta tsage. Na tura masa, bayan la'asar sai ga kira: "Oga, ina kiɗan ya shiga? Murya kawai nake ji da ƙaras-ƙaras." Na ce ya zo. Ya kunna a wayarsa a gabana, wallahi da gaskiyarsa. Muka fita bakin titi muka roƙi wani mai Keke Napep ya sa mana a lasifikarsa, can kuma bes ya haɗiye muryar ɗungurungum.

Da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki, bes ɗin daga 3x Osc na ciro shi, wato sintesaiza (abin ƙirƙirar sauti) da ke cikinta, sayin zalla (sine, amo ɗaya mara gauraye), ban ɗora masa komai ba. Abokina ya ce fulogin ɗin, wato 'yar manhajar da ke fitar da sautin, shi ne bai da ƙarfi, in nemi wani sintesaiza na kuɗi mai suna Serum. Kafin in zubar da kuɗin cefane, don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mana da me ya gano matsalar, kuma sayen sabon sintesaiza ya yi masa magani ko bai yi ba.

Ɗan Bukuru

Wa alaikumus salam. Yaya, riƙe kuɗinka tukuna. Ni na bi shawarar irin ta abokinka. Dala 189 ake sayar da Serum lokacin, ƙanen mahaifiyata da ke Ingila ya biya min. Na buɗe shi na zaɓi sayin, na buga bes ɗin nan dai, na sa a waya: shiru kamar an aiki bawa garinsu. Dalili kuwa sayin sayin ne, ko daga ina ya fito. Amo ɗaya tal gare shi, babu 'ya'ya a samansa. In ka buga shi a 50 Hz (Hz ma'aunin amo ne, ƙaramar lamba na nufin amo mai kauri), to a 50 ɗin yake zaune, ita kuwa 'yar lasifikar waya ba ta san da wani abu a can ƙasan ba.

Abin da ya buɗe min ido kyauta ne: SPAN na kamfanin Voxengo, fulogin da ke zana maka hoton sauti daga ƙasa zuwa sama. Na ɗora shi a masta, inda duk sautukan waƙa ke haɗuwa, sai na ga tsauni guda a hagu, daga nan kwari har zuwa inda murya ta fara. Wato tsakanin 100 da 300 Hz ba kowa a gida. Na bi ta kan bes ɗin da ɗan ƙuna, wato ɗan jirkita sauti ya yi kaushi, irin wanda Fruity Waveshaper na cikin FL ke yi, nan take ƙananan tsaunuka suka tsiro a 100, 150, 200, 250. Su waya ke iya furtawa, kunne kuma da ya ji su sai ya cike na ƙasan da kansa.

Ban ce Serum bai da amfani ba, ina son sa. Kana ganin siffar sautin da idonka, kana jan wannan ka ɗaura a wancan, kuma da na biyunsa ya fito a 2025 ba a karɓi ko sisi daga wanda ya mallaki na farko ba. Amma sintesaizan Vital, wanda Matt Tytel ya saki a 2020, tsarinsu kusan ɗaya ne kuma akwai na kyauta. Bambancin da na gani shi ne firiset, wato sautukan da aka riga aka shirya: na Serum sun cika duniya, duk salon da kake so wani ya riga ya dafa. A Vital sai ka ɗan shiga kicin da kanka.

Baba Na Gangare

Yara, ku dai kuna son kallon kiɗa maimakon jin sa. Lokacin da muka fara, fiyano ɗin Yamaha PSR ne da makirfo ɗaya da kaset. Ba mu da wani tsauni ko kwari a allo. 'Yar rediyo gare ni mai batir biyu, na ajiye ta a kan taga. Duk waƙar da ba ta yi daɗi a cikinta ba, ba ta fita daga ɗakin. Har yau tana nan, sai dai yanzu ta waya nake jona ta.

Kuma ku lura da wani abu. Marigayi Ɗan Maraya da kuntigi kaɗai ya cika Nijeriya, 'yar tsarkiya ɗaya a kan gwangwani. Wane bes ke cikin kuntigi? Amma ko a wace rediyo aka sa shi tangaram kake jin sa, don sautinsa a tsakiya yake, inda kunnen ɗan Adam ya fi ji. Ku kuna tara kaya a ƙasa inda rabin masu sauraronku ba su da abin jin sa.

Ɗana Mai Fiyano, ka rage bes ɗin, ka nemi wani abu mai tsini ya riƙa bin sa a sama. Shi ke nan.

Ɗan Bukuru

Allah ya ƙara girma Baba, ai magana ɗaya muke yi. Rediyonka ita ce SPAN ɗinka.

Baba Na Gangare

Tawa ba ta cin ram ɗin kwamfuta.

Ɗalibi Farin Gada

Baba ya gama da mu. Amma ina neman izini in kawo wani ɓangaren, don ni nawa ba fulogin ba ne, ɗaki ne, kuma na daɗe ban gane ba.

Shagon da nake haya tsawonsa mita 3.4 ne. Na manne bango da kiret ɗin ƙwai tun daga sama har ƙasa, ina ganin na gama gyara. Duk waƙar da na yi a kan makullin G sai bes ya kumbura ya cika ɗakin, in rage shi, in na fita da ita waje kuma babu shi. In na koma wani makullin sai ya ɓace a ɗakin, in ƙara, a mota kuma ya kashe mutane. Na canja sintesaiza ya fi sau biyar: Sylenth1, Nexus, Sytrus, duk kanwar ja ce.

Wani malaminmu ne ya ce in yi lissafi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Raba wannan da ninkin tsawon ɗakin, wato 6.8, ka samu kusan 50. G na can ƙasa kuwa 49 Hz ne. Ashe ɗakin ne ke amsa wa wannan amon, kamar yadda tulu ke amsawa in ka yi magana a bakinsa. Ya ara min makirfon awo, na sauke Room EQ Wizard mai auna sautin ɗaki, shi ma kyauta, na sa ya yi shara daga ƙasa zuwa sama. Hoton da ya fito kamar duwatsun Shere. A inda kujerata take, jikin bango, wajen 50 ya yi tsalle, wani wurin kuma ya faɗa rami.

Kiret ɗin ƙwai ba ya taɓa bes ko kaɗan, saman sauti kawai yake ɗan warwatsawa. Na ciccire su, na matso da tebur daga kusurwa, na cusa tsofaffin katifu masu kauri a lungunan. Bai zama daidai ba, amma yanzu na san inda ɗakin ke min ƙarya, in na zo wurin sai in duba SPAN in kuma sa hedfon. Abu ɗaya game da SPAN: yana zuwa ne da hoton a karkace da 4.5 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), don haka hotonsa ba zai yi kama da na Parametric EQ 2 na cikin FL ba. Kada ka ga bambanci ka ɗauka ɗaya ya lalace. Zaɓi guda ka saba da shi, ka riƙa sa waƙoƙin da ka yarda da miksin ɗinsu kana ganin yadda suke zama a ciki.

Anti Mai Amshi

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba mai haɗa kiɗa ba ce, amshi nake yi da tallan rediyo, amma muryata ce ake wulaƙantawa, don haka ina da ta cewa.

Na farko, ƙarar da kuke dannawa. Akwai wanda na yi wa aiki a wajen Bauchi Road, in ya gama sai ya matse waƙar da limita, abin danne tsinin sauti don a ƙara ƙara, har ta zama kamar tuwon da aka danne da faranti. Wai don ta fi ta kowa ƙara. Da aka ɗora a YouTube sai ta fi ta kowa laushi, numfashina da harafin "s" kawai ke tsalle. Ƙanena ya sa ta a Youlean Loudness Meter, ta nuna -6 LUFS, ma'aunin ƙarar waƙa ke nan, kuma -6 ya fi -14 ƙara. Su kuwa Spotify da YouTube wajen -14 suke mayar da komai, wanda ya wuce su rage shi. Ka ga an yi asarar rai a banza: ƙarar an ƙwace, matsewar ta zauna. Tun daga ranar nake tambayar duk mai miksin nawa mitarsa ta nuna, wasu har haushi suke ji.

Na biyu, Auto-Tune, manhajar da ke gyara murya da kanta in ta kauce. Ba na gaba da shi, ya rufa min asiri ranar da mura ta kama ni, kuma kun san sanyin Jos. Amma Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalma na canja ma'ana da karin sauti. In aka murɗe saurinsa zuwa sifili, ɗan lanƙwasar da nake yi a ƙarshen baiti sai ta koma matakala. Wanda ya fi min shi ne mai bin muryar da hannu a Melodyne ko Newtone, ya gyara inda na kauce, ya bar inda da gangan na lanƙwasa. Ya fi cin lokaci, shi ya sa ba kowa ke yarda ba.

Na uku kuma laifinmu ne mu masu karɓa. Mai Fiyano, ta yaya ka tura wa angon? In ba a matsayin dokumen ka tura a WhatsApp ba, kada ka yi mamaki, don ingancin sauti na iya raguwa a hanya. An taɓa kawo mana kiɗa wai WAV ne, wato fayil ɗin da ba a matse ba, aka buɗe shi a Spek mai nuna hoton sauti, sai ga shi an yanke shi ƙat a 16 kHz kamar da reza. Tsohon MP3 ne mai 128 aka sauya wa riga.

Yaron Rikkos

Anti ta faɗi gaskiya. Nawa gajere ne. Na yi wani fad, wato sauti mai laushi da ke shimfiɗe a bayan waƙa, a Vital, na ƙara masa muryoyi har 16 na baza su hagu da dama, a hedfon kamar kana cikin gajimare. Ranar kamu DJ ya sa, lasifikansa a mono suke, wato hagu da dama a haɗe, fad ɗin ya tafi yawo. Hagu da dama ne suka cinye juna. A ƙasan SPAN akwai 'yar mita mai tafiya daga -1 zuwa +1, da na duba tana lilo a ƙasa da sifili. Yanzu kafin in fitar da komai sai na murɗa maɓallin sitiriyo na masta ya koma mono in saurara. Bes kuwa murya ɗaya nake ba shi, a tsakiya.

Af, wanda laftof ɗinsa tsoho ne irin nawa na da, ya sani Vital na buƙatar na'ura mai OpenGL 3, wata fasahar nuna hoto. Kafin in canja na'ura da Surge XT da Dexed na yi ta lallaɓawa. Dexed kwaikwayon sintesaizan Yamaha DX7 ne na 1983, in kana son ƙararrawa da fiyano mai ƙyalli irin na da, yana nan kyauta kuma ba ya nauyi.

Oga Unguwar Rogo

Ba wanda ya ambaci janareta? To ni shi ne ya ci min mutunci. A ɗaki ba na jin komai saboda ƙugin injin ya riga ya cika kunnena. Sai mai waƙa ya sa a motarsa da dare, ga wani "mmmm" a ƙarƙashin murya tun daga farko har ƙarshe.

Na kalli wani bidiyo na Ba'amurke, ya ce a yanke 60 Hz. Na yanke, ƙugi na nan daram. Sai da na buɗe muryar a iZotope RX, manhajar wanke sauti, na ga layuka a kwance kamar an ja da rula: 50, 100, 150. Wutar Amurka ce 60, tamu 50 ce. Kuma ta janareta ba ta tsayawa wuri ɗaya, in firij ya tashi sai layin ya ɗan sunkuya. Shi ya sa yankan EQ (abin rage wani amo) mai tsayawa cak bai kama shi duka ba, sai De-hum na cikin RX da ke bin sa. Wanda ba shi da RX, Edison na cikin FL zai iya koyon hayaniyar daga wurin da ba a magana ya rage ta, amma a yi a hankali, in an matsa murya na komawa kamar daga cikin randa.

Maganin da ya fi duka arha daga baya na gano shi: in za a ɗauki murya sai in zare cajar laftof, in bar shi a batir. Layukan suka ɓace.

Baba Na Gangare

Tunda an zo nan, in ƙara ɗaya. Kalangun da kuke ɗebowa daga fakitin Turawa, wanda aka rubuta wa gangar magana, waɗanda na ji ba irin namu ba ne, kuma bugu ɗaya ne a daskare. Kalangu kuwa a hammata yake magana, matsa tsarkiya ake yi amo ya hau, a saki ya sauko. Ku kira makaɗi ku biya shi ku ɗauka. In da hunturu ne ku sani fata ta ɗaure, amonta ya hau, in da damina ta saki. Kada ku ɗauki rabi yau rabi bayan wata uku ku ce za su haɗu.

Ɗalibi Farin Gada

Haka ne Baba. Na ɗauki na wani makaɗi na zuba a samfula ɗin FL mai kunna sautin da aka ɗauka, silaid na piyano rol, inda ake jera amo, yana jan amon sama da ƙasa, ya ɗan yi kama. Amma silaid ɗin da kayan FL na gida kawai yake aiki, a samfula na waje irin Kontakt sai dai ka bi ta fic bend, maɓallin lanƙwasa amo. Ko da hakan, mahaifiyata na ji ta ce wannan kalangun ba ya cewa komai.

Mai Fiyano Dilimi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. SPAN ya nuna tsaunin da Ɗan Bukuru ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Na ƙona bes ɗin kaɗan, na rage shi da 4 dB, na sa wata garaya tana bin sa a sama kamar yadda Baba ya ce. Youlean ya nuna -7, na sassauta limita ya dawo wajen -11, ban iya kai zuciyata -14 ba tukuna, Anti a yi haƙuri. Na auna ɗakina da tef, mita 3 ne da ɗan ɗoriya, don haka ina zargin amon da nawa ɗakin ke amsa wa na wajen 55 zuwa 57.

Na tura wa ango a dokumen. Ya ce yanzu kiɗa ya fito, sai dai amarya ta ce a ƙara ambaton sunan kakarta a baiti na biyu. Anti, ko kina da sarari ranar Laraba bayan azahar? Ɗalibi, in malaminku zai yarda a ara min makirfon nan na kwana ɗaya, ni zan zo Farin Gada in karɓa.