Sabon bohol ko gyaran tsoho? Muhawarar 'yan Aboabo kan ruwan ƙauye

Sarkin Samari: Salamu alaikum jama'a. Kuɗin da muka tara a nan Aboabo domin ƙauyen iyayenmu na wajen Salaga, ra'ayina a haƙa sabon bohol da shi kawai. Duk ƙauyen da ya samu bohol ya rabu da wahalar ruwa. Kurkunun da yake kwantar da kakanninmu, ina yake yau? Tun 2010 ba a sake ganinsa a Ghana ba, a 2015 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar.

Magajiya: Amin alaikumus salam, ɗana. Ka taka ƙauyen nan da rani kuwa? Akwai bohol a can, a mace yake. Hannun famfon ya saki, awaki ke kwana a gindinsa. Mata sun koma dam, inda shanu ke shiga har gwiwa. Su ɗebo ruwa kamar koko, su jefa alif, su zauna jiran ya kwanta. Wanda ya haƙa na farkon ma da kyakkyawar niyya ya haƙa. A gyara wancan tukuna.

Malama Nas: Yaya Sarki, ba bohol kaɗai ya kori kurkunu ba. An raba ƙyallen tace ruwa gida-gida, an zuba magani a tafkuna, an hana mai ciwon tsoma ƙafa a ruwan sha. Mama kuma, alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta, shi ya sa gudawa da taifot ba sa barin yaran can. Ko sabon za a haƙa, sai an gwada ruwan. A Bongo, can arewacin Ghana, an rufe wasu rijiyoyin burtsatse saboda yawan sinadarin fuloraid da ke ɓata haƙoran yara.

Alhaji Direba: Ni fa ban ga dalilin da za mu ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. Tun 1998 aka kafa hukumar CWSA domin ruwan karkara. Ga ƙauyukan bakin Offin da Pra, galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ta mayar da koginsu taɓo, su ma mu za mu haƙa musu?

Magajiya: Alhaji, ka bar Offin yau. Jikokina na can Salaga ba za su jira gwamnati da ƙishirwa ba. A gyara, a kafa kwamiti mata a ciki, kowane baho a jefa ɗan abin da ya sawwaƙa, ranar da robar famfon ta cinye akwai kuɗin kiran makanike.

Malam Liman: Hajiya, a nan ne hankalina bai kwanta ba. Sadaka mai gudana muka yi niyya. Yaya za a ce wa marainiya ta biya kafin ta sha?

Magajiya: Allah gafarta Malam, sadakar da famfonta ya tsaya ai ta daina gudana. A yafe wa marayu da tsofaffi, masu hali su biya.

Sarkin Samari: Mama, ƙauyen ya ƙaru, famfo ɗaya ba zai ɗauke su ba ko an gyara. Ina nan kan bakana.

Malama Nas: To a tura makanike ya buɗe tsohon, ya faɗa mana ko ƙarfe ne ya lalace ko ramin ne ya ƙafe. Wa zai tafi Salaga wannan makon?

Alhaji Direba: Ina da lodi ranar Alhamis. Ku biya makaniken, kujerarsa a wuyana.