Wai sai na rubuta ICU cikakke?

Autar Houston: Salamu alaikum. Wallahi yau raina a ɓace yake. Wata biyu ina fama da bayanin kaina na CASPA, na neman gurbin karatun mataimakin likita (PA) a nan Amurka, haruffa 5,000 kacal suka yarda, har tazarar tsakanin kalmomi ana ƙirgawa. Na ba wata da muke aiki tare ta duba min, ta bi duk inda na sa CNA (mataimakin nas), EMT (ma'aikacin agajin gaggawa) da ICU (sashen kulawa ta musamman) ta ja layi, wai in warware su. In na bi ta tata sai na yanke labarin tsohuwar da na yi jinya shekara biyu, kuma shi ne ƙashin bayan rubutun. Don Allah masu ɗaukar mataimakan likita ne ba su san ICU ba?

Yayan Bronx: Auta, fara gyara bakinki. Wane mataimaki? Tun 2021 ƙungiyarmu ta PA na Amurka, AAPA, ta kaɗa ƙuri'a a koma associate, wato abokin aikin likita.

Anti Nas: Abokin aiki a ina? Ɗauko lasisinka ka karanta mana. A yawancin jihohi har gobe assistant aka rubuta. Mu da muke kwana a kan mara lafiya ba mu taɓa neman sabon suna ba.

Yayan Bronx: Anti, da girmanki. Ni nake duba mara lafiya in rubuta magani, ke ki bayar.

Anti Nas: Ni kuma nake kiranka ƙarfe uku na dare in ka rubuta ba daidai ba.

Ɗan Kumasi: Mu ma a Ghana muna da PA, su ke riƙe da asibitocin karkara, ba wanda ya ji kunyar sunan.

Malamin Makaranta: Ku bari a amsa wa yarinya. Auta, PA ki bar shi yadda yake. Sauran ki rubuta cikakke sau ɗaya, daga nan ki gajarta. MA kaɗai tana iya zama ma'aikacin asibiti ko digiri na biyu. Ko a asibiti, tun 2004 Joint Commission, hukumar tantance asibitoci, ta hana rubuta MS saboda ana rikita morphine da magnesium.

Yayan Bronx: Ɗan Kumasi, kada ka haɗa. Namu a jami'ar Duke aka fara shi a 1965, Dakta Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa. Yanzu sai da digiri na biyu.

Ɗan Kumasi: Wato mu na jabu ne ke nan?

Anti Nas: Ƙyale shi. Wannan da ya zo ƙasar nan ni na nuna masa yadda ake auna hawan jini.

Yayan Bronx: Innalillahi! Gori kuma?

Maman 'Yan Biyu: Ni dai me ake nufi da CASPA ɗin?

Admin: Ya isa haka, gobe akwai aiki. Abin da na fahimta: kowa ya yarda sunan mataimaki bai dace da mu ba, illa Anti da ke da tsohon haushi. Maganar Ghana a bar ta, tsarinsu daban. Auta, ki sa associate a rubutunki.

Malamin Makaranta: Admin, ai kai ma PA ne. Ni ban yarda da komai ba.

Autar Houston: To ICU ɗin fa, in bar shi ko in warware?

Anti Nas: Wa ke da tsohon haushi?