Neman shawara: garin "sitem sel" ga ɗana mai sikila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Ɗana ɗan shekara bakwai yana da sikila, bana mun sha kwanciya asibiti, har ƙarin jini aka yi masa. Maƙwabciyata ta kawo min wani gari a ƙananan leda, wai sitem sel ne, ana zubawa ƙarƙashin harshe, in ya sha na wata uku jininsa zai koma AA. Kuɗin ba kaɗan ba ne, har na fara tunanin sayar da 'yan kunnena. Don Allah wanda ya san gaskiyar abin ya faɗa min.

Wata nas: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Hajiya, riƙe 'yan kunnenki. Sitem sel ƙwayoyin halitta ne masu rai da ke cikin ɓargo, su ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini da farare. Abin da aka busar aka niƙa ai ba shi da rai. Yawancin garin nan ma daga tsirrai ake yinsa, irin su tuffa. Ba zai canja jinin kowa ba.

Wani likitan yara: Abin da aka tabbatar yana warkar da sikila shi ne dashen ɓargo, kuma tun 1984 aka fara ganin haka a Amurka. Sai an ba yaro magani mai ƙarfi ya kashe ɓargonsa, sannan a ɗura masa na wani ta jijiya kamar ƙarin jini. Wahalar tana wajen samun wanda ɓargonsa ya dace. Kowane ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar ya dace kashi 25 ce cikin 100. Idan an samu, a yara ƙanana nasara tana haura kashi 90. Amma ki sani, sabon ɓargon kan iya juyowa ya yaƙi jikin yaron, maganin kuma kan hana haihuwa nan gaba, wani lokaci har rai ake rasawa. A Najeriya asibitin koyarwa na Benin ya fara yi a 2011, na Legas a 2024. Da yawa Indiya suke tafiya, kuɗin miliyoyi ne masu yawa.

Mai tambaya: Likita, ƙanwarsa AS ce, za ta iya ba shi?

Likitan: Za ta iya, muddin gwajin HLA, wato gwajin dacewar ɓargo, ya nuna sun dace.

Wani uba: Na ji Ingila ta amince da wani maganin sikila mai suna Casgevy a 2023, wanda ake gyara sitem sel ɗin mara lafiyar kansa a mayar masa. A Amurka kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, sai dai mu ji a labarai. Ni dai 'yata maganin hydroxyurea take sha, kuma alhamdulillah ciwon ya rage tashi. Ki tambayi likitansa ko ya dace a fara masa, sannan ki nemi a yi masa gwajin TCD na jijiyoyin kai don gudun shanyewar ɓarin jiki.