Ƙwallon Amurka (NFL), Satumba 2023: Kansas City Chiefs sun sha kashi a hannun Lions, tuntuɓe ne kawai ko akwai tsatsa a tim ɗin?

Jar_Riga15 ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi tun daren Alhamis ɗin nan raina bai dawo daidai ba, shi ya sa na ce bari in zo in ji ta bakinku ko zan samu sauƙi. Mu Chiefs ne fa muka ɗaga Super Bowl, kofin ƙarshe na NFL, a Fabrairun 2023, muka doke Eagles 38-35, aka zo filinmu na Arrowhead aka buɗe tutar kofi a gaban jama'a, sannan Detroit Lions su shigo har gida su ci mu 21-20 su kaɗe riga su tafi. Tunda Mahomes, kwatabak ɗinmu wato mai jefa ƙwallo, ya fara riƙe tim ɗin nan a 2018 bai taɓa faɗuwa wasan farko na kaka ba sai wannan karon.

Na san za a ce min ai babu Kelce babban mai kama mana ƙwallo saboda rauni, babu Chris Jones jigon masu tsaron baya saboda rigimar kwantiragi, na yarda, amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne risibobinmu, wato masu kama ƙwallon da aka jefa. Kadarius Toney dai ban san me ya same shi ba, ƙwallo ta zo mishi a tafin hannu ya bari ta zame, Brian Branch na Lions ya cafe ya ruga yadi 50 har tacidawun (kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki), daga 14-7 aka koma 14-14, to daga nan wasan ya canza kala. Can kusan ƙarshe kuma da muke neman fil gol (bugun maki uku) ɗaya tak mu wuce gaba, aka sake jefa mishi yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, ya sake zubarwa. Skyy Moore shi ma ko guda ɗaya bai kama ba duk daren. Kuma wai Mahomes ne ya fi kowa gudu da ƙwallo a tim ɗin, yadi 45, kwatabak fa, ina su Pacheco masu gudu da ƙwallo suke.

Tambayata dai ita ce, ku da kuka daɗe kuna bin wasan nan, wannan rashin sa'ar dare ɗaya ce ko dama can akwai ɓaraka Kelce ne yake rufe mana ita? Kuma ina ƙarfin tim ɗin yake a bana, dan ni yanzu in ka cire Mahomes ban ga abin da zan nuna ba.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sha ruwa tukuna ka kwantar da hankalinka, wasa 17 ake bugawa a kaka, ɗaya kawai aka buga. Ni na ga Patriots a 2003 sun je Buffalo wasan farko an yi musu 31-0, ko maki ɗaya ba su samu ba, kuma su suka ɗauki kofi a kakar. A 2014 ku ɗin nan kuka lakaɗa musu 41-14 a Arrowhead har 'yan jarida suka fara cewa Brady kwatabak ɗinsu ya ƙare, ƙarshen kakar shi ya ɗaga kofin. Giants ma a 2007 wasa biyu suka fara faɗuwa a jere, kuma su suka ɗauki kofi. Satumba ba ta cika faɗin gaskiya ba, musamman yanzu da manyan 'yan wasa ba sa wani buga wasannin share fage.

Amma ba zan yi maka daɗin baki ba, maganar risibobi gaskiya ce kuma ba ranar Alhamis ta fara ba. Tun da aka sayar da Tyreek Hill ga Miami a 2022 tim ɗin ya koma wasan gajerun jifa, a hankali a hankali har a kai, kuma ya yi aiki, Mahomes ya jefa yadi 5,250 da tacidawun 41 ya zama MVP, gwarzon ɗan wasan kaka. To amma duba wa ya kama ƙwallayen. Kelce shi kaɗai ya kama 110, yadi 1,338, tacidawun 12. Bayansa JuJu Smith-Schuster ne mutumin da ake dogara da shi in an matsu, shi kuma ya tafi Patriots, ba a kawo wani gogagge a madadinsa ba, sai aka ce yara za su tashi. Moore shekararsa ta biyu, Rashee Rice sabon shiga ne, Toney kuma tiyatar gwiwa aka yi mishi a farkon atisayen bazara bai buga komai ba sai kawai aka tsunduma shi a wasan farko. Valdes-Scantling gudu ne aikinsa, ba mutumin da za ka jefa wa sau goma a dare ba ne.

Abin da Kelce yake yi wanda ba ya fitowa a lissafi shi ne yana karanta difens, wato masu tsaron baya, kamar yadda Mahomes yake karantawa, in ya ga gurbi sai ya tsaya a ciki ko da ba haka aka tsara ba, Mahomes kuma ya san zai tsaya. Wannan fahimtar shekaru ta ɗauka. Da babu shi sai ka ga Mahomes yana riƙe ƙwallo yana zagaye yana jiran wani ya buɗe. Raunin nasa dai da sauƙi, gwiwa ce ta lanƙwashe a atisayen ranar Talata, jijiya ba ta tsinke ba, zai dawo. Sai dai mutumin nan zai cika 34 a Oktoba, ba za a ci gaba da ɗora mishi buhu biyu kullum ba.

Zakin_Detroit ya rubuta:

Haba jama'a, tun ɗazu nake karantawa babu wanda ya ce Lions sun iya wasa, kowa sai Toney, Toney. To wa ya hana ku cin maki kafin ya zubar? Kun manta kwata na farko da kocinmu Dan Campbell ya yi fant na ƙarya, ya yi kamar zai buga ƙwallo ya mayar muku sai aka gudu da ita, muna kan yadi 17 na gidanmu, wane koci ne zai yi wannan a Arrowhead in ba mai ƙarfin hali ba, kuma daga wannan tafiyar ce St. Brown ya ci tacidawun ɗin farko. Mu fa bara mun fara da 1-6 muka ƙare 9-8, har muka je Lambeau wasan ƙarshe muka hana Packers shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Ba jiya muka fara ba, ku ne ba kwa kallonmu.

Kuma in kuna son gaskiya ga inda na ga lagonku. Layin gabanmu ya ture ku lokacin da ake buƙata. Montgomery bai yi wani dogon gudu ba amma yadi uku, yadi huɗu, yana ta cin ku har ya shiga da tacidawun ɗin da ya raba gardama, sannan da aka zo cinye agogo a ƙarshe kowa a filin ya san gudu za a yi kuma kuka kasa tsayar da shi. Nan ne rashin Jones ya fito fili, yana can sama a zaune yana kallo kamar ni. Hutchinson kuma duk daren yana wuyan Mahomes, da wani kwatabak ne da ya sha ƙasa sau da yawa, shi dai Allah ya ba shi santsi.

Sai Jawaan Taylor na layin gabanku, yallabai wannan mutumin tun daga farko har ƙarshe yana ja baya daga layi yana tashi kafin a saki ƙwallo, alƙalai suka zuba mishi ido sai can ƙarshe aka hura mishi. Duk duniya ta gani a talabijin, ku jira ku ga abin da za su yi mishi a wasanni masu zuwa.

Maman_Biyu ta rubuta:

Malam Zaki mun ji, Allah ya sanya alheri, ku more makonku, kun daɗe kuna jira.

Ni dai Jar Riga inda ban yarda da kai ba shi ne da ka ce in an cire Mahomes babu abin nunawa. Ka sake kallon wasan ba tare da ɓacin rai ba. Maki 21 aka ci mu amma bakwai daga ciki ofens ɗinmu, masu kai hari, ne ya bayar kyauta, difens maki 14 kacal ya bari, kuma Lions ɗin nan bara suna cikin 'yan gaba-gaba wajen cin maki a duk NFL. An yi wannan babu Jones, babu Omenihu da aka dakatar wasa shida, Frank Clark kuma an sallame shi tun bazara. McDuffie ya fizge ƙwallo daga hannun Marvin Jones suna dab da cin maki, sannan da Campbell ya sake yin kasadarsa a yunƙuri na huɗu, damar ƙarshe ta riƙe ƙwallo, kusa da tsakiyar fili saura minti biyu da wani abu, difens ne ya tare ya miƙa wa Mahomes ƙwallo a wuri mai kyau. Me kuma kake so su yi, su kama wa Toney?

Shekaru nawa muna kuka da difens a tim ɗin nan, kullum sai dai Mahomes ya ci 30 ko 35 kafin a tsira. Yanzu Spagnuolo mai tsara difens ya samu yara masu jini a jika, yawancinsu daga zaɓen 2022, McDuffie, Karlaftis, Bryan Cook, Leo Chenal, Jaylen Watson, Joshua Williams, duk sun buga har Super Bowl a shekararsu ta farko, ga Sneed ga Bolton a tsakiya. Ni a ganina bana difens ne zai riƙa ɗaukar tim ɗin kafin ofens ya farfaɗo, abin da ba mu saba gani ba kenan shi ya sa ido bai kai wurin ba.

Maganar Jones kuma a biya shi kawai a huta. Sak (kayar da kwatabak kafin ya jefa) 15.5 ya yi bara daga tsakiyar layi, ba daga gefe ba, kuma shi ne ya kayar da Burrow kwatabak ɗin Bengals a ƙarshen wasan AFC na neman gurbin Super Bowl. Shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa yake ciki, ya ga an ba Quinnen Williams dala miliyan 96 na shekara huɗu, ya ga Aaron Donald yana sama da miliyan 30 a shekara, dole ya ce shi ma a duba shi. Na san akwai iyakar albashi kuma Veach manajan tim yana tsoron ɗaure kuɗi a kan mai shekara 29, amma shi ma Jones ɗin tarar dala 50,000 yake sha duk ranar atisayen da bai zo ba, kowa asara yake yi.

Jar_Riga15 ya rubuta:

Hajiya kin yi gaskiya wallahi, na koma na kalli taƙaitaccen wasan, difens sun yi ƙoƙari, haushin Toney ne ya rufe min ido. Kuma in an yi adalci shi ɗin ne ya dawo da fant yadi 65 a Super Bowl ya kuma ci tacidawun, ban manta ba. Sai dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da shi ba, tun yana Giants rauni yake bin sa, kuma risiba in hannu ya fara rawa abin yakan koma kai. Rice dai ya burge ni, wasansa na farko ya ci tacidawun, ina ma a ƙara mishi lokaci.

Baba Tsohon Hannu, kana ganin za su nemo wani kafin a rufe kasuwar musaya a ƙarshen Oktoba?

Mai_Allo ya rubuta:

Kafin Baba ya amsa bari in sa baki, dan akwai wanda kowa yake tsallakewa, koci Andy Reid. Ina girmama shi, kofi biyu ya kawo zuwa 2023, amma matsalar yadi ɗaya ta daɗe a tim ɗin nan kuma ita ta sake cin mu. Tun 2019 da ƙoƙon gwiwar Mahomes ya goce a Denver wajen kutsawa ta tsakiya, Reid ya daina barinsa ya yi wannan kutsen, to shikenan duk lokacin da ake neman yadi ɗaya sai an kawo wata dabara mai kwana-kwana. Ranar Alhamis aka sa Blake Bell ya karɓi ƙwallo ya miƙa wa Rice yana zagayowa ta gefe, Lions suka tare shi a baya. Kana da Thuney da Humphrey da Trey Smith a tsakiya, ukun nan babu tim ɗin da ba zai so su ba, kana da Pacheco mai gudu kamar ana bin sa bashi, ka tura shi ta bayansu mana. Eagles suna can suna tura Hurts ta tsakiya kowa ya san abin da za su yi kuma an kasa hana su.

Gefe biyun layin ne abin dubawa, dukkansu sababbi ne. Orlando Brown ya tafi Bengals aka kawo Donovan Smith daga Tampa, Taylor kuma dala miliyan 80 aka ba shi daga Jacksonville. A tafiyar ƙarshe laifin riƙo da laifin tashi da wuri ne suka mayar da mu baya har aka kai yunƙuri na huɗu da yadi 25, wannan ko Mahomes sai addu'a. Kar a manta kuma Bieniemy mai tsara ofens ya koma Washington, Nagy ne a kujerar a kakar 2023, duk da Reid ne mai kiran wasa, Bieniemy shi ne mai tsawa in yaro ya yi sakaci, ni ina ganin za a ji rashinsa.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Ƙanena ban sa ran wani babban suna ba, kuɗin da ya rage ƙarƙashin iyakar albashi ba shi da yawa, kuma Veach ya fi son ya ɗauko wanda wani tim ya gaji da shi a farashi mai sauƙi, haka ya samo Toney ɗin ma bara. Ni na fi ganin za su rage yawan masu juyawa, su tsaya a kan mutum uku ko huɗu Mahomes ya saba da su, dan ranar Alhamis kowa ɗan taɓawa ya yi babu wanda ya ɗumama.

Labari mai daɗi dai, yanzu nake gani Jones ya sa hannu a sabon kwantiragin shekara ɗaya, Hajiya addu'arki ta karɓu rabi, dan ba dogon da yake nema ba ne, za a sake wannan rigimar a bazara. Ranar 17 ga wata za a je Jacksonville, Lawrence da Ridley da Etienne, ga zafin Florida da rana tsaka, su kuma suna riƙe da haushin fitar da su da aka yi a Janairu. In Kelce ya dawo kuma aka sake zubar da ƙwallaye irin haka, to Jar Riga ka dawo nan in taya ka kuka.